Babi na Huɗu: Fasa Allon Kaki

Kakin da ake yin kyandir da shi yakan iso hannun mai sana'a ne a cikin buhu mai kilo 50 ko kwali mai kilo 25. In aka kwance bakin buhun, sai a tarar da faffaɗan alluna farare ƙal, ɗaya bisa ɗaya, kowanne kimanin kilo 5, kaurinsa ya kai yatsu biyu zuwa uku. Ga nauyi, ga santsi, ga tauri. Tukunyar ƙaramin mai sana'a ba za ta ɗauki allon yadda yake ba, don haka kafin a hura wuta, kafin a ɗaura lagwani, tilas sai an fasa shi.

Wannan shi ne aikin da aka fi rainawa a sana'ar. Yaron da ya zo koyo jiya shi ake miƙa wa guduma, a ce ya je bayan ɗaki ya farfasa. Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wurin fasa kaki ake sanin ingancin abin da aka sayo, a nan riba take fara zuba ƙasa ko ta tsaya a aljihu, a nan kuma ake toshe wa gobara hanya tun ba a je bakin murhu ba.

Mu ɗauki Hanwa ta zama wurin aikinmu. Unguwa ce da ke tsakanin Sabon Garin Zariya da Samaru, kusa da Kwangila, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta wadda ta nufi Funtuwa da Sakkwato. A gefe guda ga Sabon Gari, wanda ya taso bayan isowar layin dogo a 1911, da babbar kasuwarsa da majami'unsa. A ɗaya gefen ga Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da dubban ɗalibai masu karatun dare. Mai yin kyandir a Hanwa yana zaune ne tsakanin kasuwa biyu, kuma yanayin garin, kamar yadda za mu gani, yana da ta cewa a kan yadda zai fasa kakinsa.

Daga ina allon ya fito?

Kakanninmu sun san kaki, amma na zuma, wanda ake samu bayan an sauke amya an tace saƙa. Hasken ɗaki kuwa na aci-bal-bal ne, da man gyaɗa ko man kaɗanya. A Turai ma, har farkon ƙarni na 19, mai hali ne ke kunna kyandir na kakin zuma, talaka sai na kitse mai hayaƙi da ƙauri. Akwai lokacin da kamfanin Price's na Landan ya yi suna da kyandir na manja, wanda jiragen ruwa ke kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma.

A 1830 wani masanin sinadarai Bajamushe, Karl von Reichenbach, ya ware wani farin abu mai daskarewa daga kwaltar itace. Shi ne farafin. A 1850 James Young, mutumin Sukotlan, ya yi rajistar hanyar fitar da mai da kaki daga kwal, ya kafa masana'anta a Bathgate. Da aka fara haƙo man fetur da yawa, sai ɗanyen mai ya zama uwar kakin farafin, har zuwa yau.

Kaki yana fitowa ne a sashen matata da ke yin man juye, wato man da ake zuba wa inji. Man juye ba ya son kaki a cikinsa, domin in gari ya yi sanyi sai ya daskare ya hana man gudu. Saboda haka akan gauraya man da wani sinadari, a sanyaya shi har kakin ya daskare, a tace. Abin da ya rage a matacin kaki ne mai danƙo, cike da mai. Sai a sake cire man, a wanke launi da wari, a zuba narkakken kakin a mazubai masu faɗi ya huce. Ana yin sa alluna ne domin sun fi daɗin jerawa a jirgi da mota da sito.

Kilomita kusan 80 daga Hanwa akwai matatar da aka gina domin ta yi wannan aiki. Matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, ta fara aiki a 1980, sashenta na man juye kuma a 1983. An tsara sashen ya fitar da man juye da kwalta da kaki, da ɗanyen mai na musamman da ake sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya, a turo shi ta bututu daga kudu. Shekaru da dama ke nan matatar ba ta aiki yadda ya kamata. Shi ya sa yawancin allunan da ke shagunan masu sayar da sinadarai a yau baƙi ne, mafi yawa daga ƙasar Sin, inda matatu irin na Fushun da Daqing ke fitar da kaki mai tambarin Kunlun. Jirgin ruwa ya kawo su Legas, tirela ta hauro da su Arewa, farashinsu kuma yana bin dala. Abin da ya sha wannan tafiya, aka biya shi da wannan tsada, bai kamata a bar ko ɓarɓashinsa ya bi ƙasa ba.

Me ya sa sai an fasa?

Kaki ba ya saurin miƙa zafi daga fatarsa zuwa cikinsa. In aka jefa ƙaton dunƙule a tukunya, bayansa zai narke, cikinsa na nan daram. Mai aiki ya gaji da jira, ya ƙara itace. Kafin tsakiyar dunƙulen ta narke, ruwan kakin da ke kewaye da shi ya riga ya yi zafi fiye da kima: launinsa ya koma rawaya, ya fara wari, yana hayaƙi. In zafinsa ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, tururin da ke tashi daga gare shi yana iya kama wuta da ɗan harshen wutar murhu kawai.

Maganin abin lissafi ne mai sauƙi. Dunƙule mai santimita 10 a kowane gefe yana da fuskar da zafi zai taɓa ta murabba'in santimita 600. In aka raba shi gida takwas, kowanne santimita 5, nauyin bai canza ba, amma fuskar ta zama 1,200. Zafi ya sami ƙofa ninki biyu, tazarar da zai bi zuwa tsakiya kuma ta ragu da rabi. Kakin zai narke da wuri, da wuta kaɗan, kuma gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne gutsattsarin da ba su wuce cikin tafin hannu ba, kuma su yi kusan kai ɗaya.

Dalili na biyu shi ne awo. Kyandir mai kyau haɗi ne. Da yawa suna ƙara sitiyarin, wani farin sinadari da ake samu daga kitse ko manja, kimanin kashi ɗaya cikin goma, don kyandir ya yi ƙarfi ya kuma fita daga mazubi ba gardama. Launi da turare su ma da ma'auninsu. Wanda bai iya ɗora kilo biyu cif a kan sikeli ba, kyandir ɗinsa na yau ba zai yi kama da na gobe ba.

Sanyi ne abokin aiki

Kakin farafin ya ƙunshi dogayen sarƙoƙi na sinadarin kabon da haidurojin, kowace sarƙa da ƙwayoyin kabon tsakanin 20 zuwa 40. Idan narkakken kaki yana hucewa, sarƙoƙin nan sukan jeru su zama ƙananan faya-fayai da ido ba ya gani. In da sanyi, faya-fayan sun ƙame, ba mai motsi. Aka buga, ƙarfin bugun ba shi da wurin ɓuya, sai tsaga ta ɗauka daga wannan baki ta fita wancan. In da ɗumi kuwa, sukan zame a kan juna, su shanye bugun. Guduma ta lotsa wurin, ta bar shaida, allo na nan bai karye ba. Wanda ya taɓa riƙe kitsen rago da safiyar hunturu, ya kuma riƙe shi da ranar bazara, ya san wannan bambanci.

Zariya tana kan tudu, kuma daren hunturunta, daga Disamba zuwa Janairu, zafin iska kan sauka ƙasa da digiri 15. A irin wannan dare, allon da ya kwana a kan siminti zai karye da bugu ɗaya. A Maris da Afrilu kuwa, rana kan haura digiri 35, cikin shago mai rufin kwano ya fi haka. Kakin bai narke ba, amma ya saki jiki, har alluna kan manne da juna a cikin buhu. Irin maganar da ke shiga tsakanin gwani da ɗan koyo a wannan lokaci ba ta wuce haka:

"Kai, yaro, dakata haka nan. Me kake ta dukansa?"

"Maigida, ya ƙi karyewa ne. Tun ɗazu nake fama."

"Da wannan ranar ai ba zai karye ba. Mayar da shi ɗaki, ka shimfiɗa shi a ƙasa. Gobe in an sallame Asuba sai ka zo."

Mai dabara yakan fasa kakin watanni tun cikin hunturu, ya auna, ya ɗaure a leda kilo-kilo, ya ajiye a inuwa. Wanda aiki ya matsa masa cikin zafi, in yana da firiza ko yana da maƙwabci mai sayar da ƙanƙara, sai ya naɗe allon a leda ya sa na 'yan sa'o'i. Sai dai a kula: kakin da ya fito daga firiza yakan yi raɓa. A bar gutsattsarin su bushe sarai kafin su shiga tukunya.

Hanyoyin fasawa

Hanyar da ta fi yawa ita ce ta buhu da guduma. A sami buhu mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar taki ko siminti ko gawayi ba, a sa allo ɗaya a ciki, a naɗe bakin. A ajiye katako biyu a ƙasa da tazarar kamu ɗaya tsakaninsu, a ɗora allon a kai yadda tsakiyarsa ke lilo, a buga daidai wurin da babu komai a ƙarƙashi. Sirrin yana cikin wannan rata. Abu mai ƙamewa ya fi jure matsi a kan ja. Idan aka bugi allon daga sama, fuskarsa ta ƙasa ce ke miƙewa, daga can tsagar ke farawa. In aka shimfiɗa shi a kan daɓe ba rata, daɓen ne zai karɓi bugun, kakin ya niƙe ya zama gari a bakin guduma. Buhun kuma yana tare tartsatsin gutsattsari, waɗanda ke da kaifi, suna iya shiga ido.

Hanya ta biyu ta fi tsabta. A ɗauki wuƙa mai ƙarfi, a ja layi a fuskar allon daga baki zuwa baki, a maimaita har ya yi zurfin kusan rabin santimita. A ɗora allon a bakin tebur, layin yana sama daidai da bakin, a danne ɓangaren da ke kan tebur da hannu ɗaya, a tura wanda ke waje ƙasa da ɗayan. Zai ɓalle a kan layin. Tsaga kullum tana neman wurin da aka riga aka yi rauni, mai aiki kuwa ya nuna mata hanya. Allon kilo 5 da aka ja wa layi huɗu daidai wa daida zai ba da sanduna biyar, kowace kusan kilo ɗaya. Wannan hanya ba ta bukatar ƙarfi, kuma ba ta da hayaniyar da za ta tashi maƙwabta. Ta dace da matan da ke sana'ar a cikin gida.

In alluna sun manne da juna, a tayar da su a kan gefensu, a sa cizal na kafinta ko babbar sukundireba a tsakaninsu, a riƙa bugawa a hankali ana matsawa gaba har su rabu. Bakin ƙarfen ya fuskanci waje, kada ya fuskanci cinya ko tafin hannu.

Lokacin zafi, in ba halin sanyaya kakin, sai a bi shi da abin da yake so. A ɗumama wuƙa a ruwan zafi, a goge ta ta bushe, a yanka. Aikin yana da jinkiri, amma ba ya ɓarna. Wasu kuma sukan ɗaure allon a buhu su maka shi da daɓe. Yana karyewa, sai dai gutsattsarin ba sa zuwa kai ɗaya, garin kuma yakan yi yawa.

Akwai kayan aikin da ya kamata a bar su a inda suke. Adda da gatari suna zamewa a kan santsin kaki, inda za su sauka kuwa ƙafa ce. Zarto haƙoransa kan cushe tun kafin a yi nisa. Turmin daka abinci kuma kaki zai shige cikin itacensa ya ƙi fita. Kafin a fara komai a shimfiɗa tampol ko babbar leda, a sa tabarau, a kori ƙananan yara daga wurin. Ɓarɓashin kaki a kan siminti yana kayar da babba, balle yaro.

Abin da karaya ke faɗa

A jikin buhun akan buga lambobi biyu, kamar 56/58 ko 58/60 ko 60/62. Su ne digirin zafin da kakin ke narkewa a tsakaninsu. Mai sayar da kyandir a ƙasa mai zafi irin tamu ya fi dacewa ya nemi 58/60 ko sama, domin kyandir na kaki mai saurin narkewa yakan lanƙwashe a kan teburin mai tireda tun ba a saye shi ba. Akan kuma rubuta ko kakin cikakken tatacce ne ko rabin tatacce. Cikakken tatacce man da ya rage a cikinsa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Rabin tatacce yana iya kai kashi ɗaya da rabi.

Buhu yana iya tsufa, ana iya sake masa kaya, amma karaya ba ta ɓoye gaskiya. Kaki mai kyau yana ɓallewa da ƙara, ƙas, bakin karayar a bushe, fari mai ɗan ɗaukar haske, ba wari. Mai yawan mai yakan karye a sanyaye, bakinsa yana marmashewa, ya bar maiƙo a yatsa, wani lokaci da warin kananzir. A ɗora gutsure a kan farar takarda a bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi. In aka ga tabon mai da safe, to man ya yi yawa. Irin wannan kaki yakan ba da kyandir mai hayaƙi, mai zuba, mai saurin ƙarewa. In kuma aka ga cikin allon launinsa ya bambanta da bayansa, ko da ɗigon baƙi, ko ramuka masu ruwa, a san cewa sai an tace shi.

Saboda haka ba laifi ba ne mai saye ya ce wa mai shago, "Alhaji, a ɗan ɓalle mini kusurwa in gani." Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba. Rabin tatacce yana da amfaninsa, ya kuma fi sauƙin kuɗi, amma a saye shi da saninsa, a farashinsa. Araha ba ta ado.

Ɓarɓashi da wuta

In kyandir ɗaya yana cin giram 25, buhun kilo 50 zai ba da 2,000. Kilo ɗaya da ya tarwatse a tsakar gida, aka share shi da shara, kyandir 40 ne suka tafi. A sana'ar da ribarta ke zuwa da kaɗan-kaɗan, wannan ba abin wasa ba ne. Garin da ya zuba a kan tampol mai tsabta a juye shi cikin tukunya. Wanda ya taɓa ƙasa a tara shi daban, a narkar, a tace da ƙyalle mai laushi, a yi kyandir mai launi da shi ko a jiƙa lagwani.

Dalilin tacewar yana cikin yadda kyandir ke ci. Michael Faraday ya bayyana shi ga matasa a laccocin da ya fara gabatarwa a Landan a 1848: zafin harshen wuta yana narkar da kakin da ke gindin lagwani, lagwani ya tsotso shi sama ta tsakanin zarurrukansa, ya zama tururi, tururin ne ke ci. Ƙura da yashi suna toshe waɗannan ƙananan hanyoyi. Kyandir ya riƙa tartsatsi, haskensa ya dushe, ya mutu da kansa, mai saye kuma ba zai dawo ba.

Ruwa shi ne haɗarin da ya fi girma. Ya fi kaki nauyi, don haka ɗigonsa yakan nutse ya kwanta a gindin tukunya. In kakin ya wuce digiri 100, ɗigon ya zama tururi nan take, ya watso narkakken kaki a fuska da hannu. Shi ya sa gutsattsari suke shiga tukunya a bushe, a sa su a hankali ba a jefa ba. Shi ya sa kuma ake narkar da kaki a tukunya cikin tukunya, ƙaramar da kaki, babbar da ruwa: muddin ruwan bai ƙone ba, zafin kakin ba zai wuce na tafasar ruwa ba. In tsautsayi ya sa kaki ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa masa ruwa, domin wutar za ta yi tsalle ta kama rufi. A rufe tukunyar da murfi, a kashe murhu, a ajiye bokitin busasshen yashi kusa tun kafin a fara aiki.

Kasuwar kyandir ta ragu tun da fitilu masu caji da masu aiki da hasken rana suka cika gari, amma ba ta mutu ba. Majami'un Sabon Gari suna kunna shi a ibada, masu bukukuwa suna neman mai launi da ƙamshi, gidaje da yawa kuma ba sa rasa ɗaya a ajiye saboda daren da aka ɗauke wuta, batir kuma ya ƙare. Kakin nan dai shi ne masu haɗa man shafawa suke saye, da masu rinin zane, da masu man takalmi, har da ɗakunan gwaje-gwaje na asibiti, inda ake daskarar da ɗan yankin tsoka a cikin farafin kafin a yanka shi siriri a duba. Wanda ya iya zaɓen kaki, ya iya fasa shi ya auna shi da tsabta, yana da abin sayarwa ga dukansu, ko da bai zuba kyandir ko ɗaya ba.

Farashin dala da halin da matatar Kaduna ke ciki ba a hannun mai sana'ar Hanwa suke ba. Lokacin da zai fasa kakinsa, da inda zai fasa shi, da wanda zai ba gudumar, da abin da zai koya masa kafin ya ba shi, waɗannan duk a hannunsa suke. Maigidan da ya zauna da yaronsa rana ɗaya ya nuna masa rata tsakanin katako biyu, ya sa shi ya shinshina bakin karaya, ya gaya masa dalilin da ya sa ba a kusantar tukunya da jiƙaƙƙen hannu, ya ba shi rabin sana'ar. Sauran rabin yana bakin murhu, kuma can babi na gaba zai kai mu: yadda ake narkar da kaki, da zafin da ake zuba shi, da zaɓen lagwanin da ya dace da kaurin kyandir.